Abokin ɗakina ya gayyace ni zaman shiru na kwana 10 irin na mabiya Buda: me ake yi a ciki?

Ɗan Fagge a Pune ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatun haɗa magunguna a Pune, ƙasar Indiya. Abokin ɗakina ɗan Nagpur ne, mabiyin addinin Buda, yaro mai hankali, wanda ko sauro ne ya sauka masa a hannu sai dai ya hure shi. Ya ce kakansa yana cikin ɗimbin jama'ar da suka bi Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, suka fita daga addinin Hindu a 1956. Kullum in na tashi sallar asuba sai in tarar da shi zaune a kan tabarmarsa, ƙafa a harɗe, ido a rufe, ba ya motsa leɓe, babu carbi a hannunsa.

Tun da jarrabawa ta ƙarato barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai kaina ya kama lissafin kuɗin makaranta da canjin dala da abin da zan gaya wa Baba idan sakamako bai yi kyau ba. Da ya ga halin da nake ciki, sai ya ce in an yi hutu in bi shi Igatpuri, wani gari a kan hanyar Mumbai zuwa Nashik, mu shiga wani zama na kwana 10 da suke kira vipassana. Ba magana, ba waya, ba littafi. Ya ce ba a biyan ko sisi, har abinci da makwanci. Kuma ya dage cewa wannan ba addini ba ne, horon hankali ne kawai, Musulmi da Kirista duk suna zuwa.

Don Allah wanda ya san abin nan ya fahimtar da ni. Me suke yi idan sun rufe ido haka? Mene ne wannan nibbana da yake yawan ambata? Buda ɗin nan allansu ne ko annabinsu? In da gaske ba addini ba ne, me ya sa nake ganin gunkinsa a kan teburin abokin nawa?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam. Ƙanina, karatu aka tura ka, ka tsaya kan karatunka. In barci ne ya gagara, ga addu'o'in kwanciya, ga Alƙur'ani, ka kuma rage shan shayi da dare. Mutanen da ake ta yi wa kallon masu sanyin hali ɗin nan, ba su ne suka kori 'yan Rohingya sama da 700,000 daga Myanmar zuwa Bangladesh a 2017 ba? Har da limamansu masu jan mayafi a cikin masu zuga mutane. Ni dai ban ga abin da za ka je nema a wurinsu ba.

Tsohon Ɗalibin Kandy:

Ɗan'uwa Ɗan Fagge, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Na zauna 'yan shekaru a Kandy ta Siri Lanka, a gidan haya na mabiya Buda, kuma na karanci addinin nasu a aji, don haka bari in gaya maka abin da na sani. Hukuncin zuwa ko rashin zuwa kuwa na malaman fiƙihu ne, ba nawa ba.

Buda mutum ne, sunansa Siddatta Gotama, ɗan wani shugaban ƙabilar Sakya. A Lumbini aka haife shi, wadda yau take cikin Nepal, kusan ƙarni 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Riwayarsu ta ce ya tashi cikin daula, sai ganin tsoho da majinyaci da gawa ya hana shi sakat, ya bar gida yana ɗan shekara 29, ya bar mata da jariri. Ya yi karatu wurin malamai biyu, Alara Kalama da Uddaka Ramaputta, ya ƙware a zuzzurfan nutsuwar da suke koyarwa, ya ce bai gamsu ba. Daga nan ya koma azabtar da jikinsa da yunwa har ya kusa mutuwa. Shekara 6 yana wannan nema. Da ya ga yunwar ba ta haifa masa komai ba sai ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata ya ci, abokan tafiyarsa 5 suka ce ya lalace, suka watse suka bar shi. Ya je ya zauna ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure da ceɗiya a wurin da yau ake kira Bodh Gaya a jihar Bihar, ya tashi yana cewa ya farka. Yana da shekara 35 a lokacin. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Varanasi, ga waɗancan mutum 5 ɗin da suka guje shi, ya ci gaba da yawon koyarwa shekara 45, ya mutu a Kushinagar yana da 80.

Abin da ya kamata kunnen Musulmi ya kama a labarin nan shi ne, mutumin bai ce an aiko shi ba. Bai ce mala'ika ya zo masa ba, bai ce akwai Mahaliccin da ya yi masa magana ba. Cewa ya yi da kansa ya duba ya gano. Littattafansu sun yarda akwai wasu halittu na sama masu tsawon rai, amma su ma mutuwa suke yi, kuma ba su halicci kowa ba. To ka ga ba alla ba ne a wurinsu, ba kuma annabi ba ne a ma'anar da muka sani.

Tunda kai ɗan magani ne, tsarin koyarwar tasa ba zai yi maka wuya ba, don su kansu da aikin likita suke kwatanta ta: ga cuta, ga sababinta, tana warkewa, ga magani. Cutar ita ce dukkha, wato wahala da rashin gamsuwar da ke manne da rayuwa. Ba ciwo da mutuwa kaɗai ba, har daɗin da kake ji kana tsoron ƙarewarsa. Sababinta tanha, ƙishin nan na son abu ya zo, ko ya dawwama, ko ya gushe. In ƙishin ya mutu wahalar ta mutu, shi ne nibbana. Maganin kuma hanya ce mai rassa 8 da suke tattarawa gida uku: gyaran hali, tattara hankali wuri guda, da basira. A gyaran halin ne dokoki 5 na kowane mabiyi suke: kada ka kashe mai rai, kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, ka nisanci fasiƙanci, ƙarya, da abin maye. Sauron da abokinka ke hurewa daga nan ya samo asali.

Yanzu ga inda zancen rufe idon yake, kuma nan nake so ka nutsu. Buda ya koyar da cewa wahala sarƙa ce mai gaɓoɓi, kowace na jawo ta gaba. Ido ko kunne ko tunani ya haɗu da wani abu, sai ji ya taso, mai daɗi ko mai ɗaci ko tsaka-tsaki. Daga jin sai ƙishi, daga ƙishi sai riƙo, daga riƙo sai sabuwar haihuwa da tsufa da mutuwa, a sake zagayowa. Ba ka da ikon hana jin tasowa. In an zage ka, ƙirjinka zai yi zafi ko ka so ko ka ƙi. Amma tsakanin jin da ƙishin akwai ɗan gurbi, kuma a wannan gurbin suke cewa ana iya tsinke sarƙar. Mai vipassana yana zaune ne yana horar da kansa ya ga zafin gwiwa ko ƙaiƙayin fuska ya taso, ya tsaya, ya wuce, ba tare da ya ce "tafi" ko "zauna" ba. Ana so ya maimaita wannan har ya gani da kansa, ba da ji a bakin malami ba, cewa babu abin da ke dawwama, cewa duk abin da ba ya dawwama ba ya gamsarwa, kuma cewa a cikin duk wannan kai-komon babu wani tabbataccen "ni" da ke zaune yana mallakarsa. Waɗannan uku su ne anicca da dukkha da anatta.

Saboda haka abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Gaskiya ne ba za a ce ka sauya suna ko ka yi wa gunki sujada ba. Sai dai cewa horon hankali ne kawai daidai yake da a ce wa baƙo alwala wanke gaɓoɓi ce kawai. Ruwan zai wanke shi, ba shakka, amma wanda ya tsara ta salla ya nufa. Wannan zaman ma akwai inda ya nufa: ganin babu tabbataccen kai, da fita daga zagayen haihuwa. Har matakai 4 suka lissafa a kan hanyar. Wanda ya taka na farko, suna cewa ya shiga rafi, ba zai wuce haihuwa 7 nan gaba ba. Na ƙarshe shi ne arahant, wanda wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu ta mutu murus a zuciyarsa, ba zai sake dawowa ba. Nibbana ba lambu ba ce mai ƙoramu da za a shiga, kuma Buda ya ƙi amsa tambayar ko wanda ya kai can yana nan bayan mutuwa ko ba ya nan. Da wani almajirinsa ya matsa masa da irin waɗannan tambayoyi, sai ya ba shi misalin mutumin da aka harba da kibiya mai dafi, ya ce ba za a cire ba sai an gaya masa sunan maharbin da ƙabilarsa da irin itacen bakan. Wannan, in ji shi, zai mutu bai ji amsa ba.

Batun gunki kuwa, a ƙarnonin farko ba sa sassaƙa siffarsa sam. Sawun ƙafa suke zanawa, ko kujera ba kowa a kai, ko bishiyar. Sai wajen ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa siffar ta bayyana a Gandhara (yankin Pakistan da Afghanistan na yau) da Mathura ta Indiya. Mai ilimi a cikinsu zai ce maka girmamawa ce da tunawa, don wanda ya riga ya shige ba ya jin roƙo. Amma na gani da idona a Kandy mutane suna kai furanni suna neman sa'ar jarrabawa da lafiyar yara. Abin da littafi ya ce daban, abin da tsohuwa ke yi daban.

Tunda na ambaci tsohuwa: mahaifiyar mai gidan da na zauna, duk ranar da wata ya cika, wadda suke kira Poya kuma hutu ce a ƙasar baki ɗaya, takan sa fararen kaya tun duku-duku, ta ɗauki furen bado da 'yar tabarmarta ta tafi wurin ibadarsu, ta wuni can, ba ta cin komai bayan rana ta take. Na taɓa tambayarta ko nibbana take nema. Dariya ta yi, ta ce wannan sai nan da haihuwa masu yawa, ita dai lada take tarawa da ciyar da limamai don ta samu kyakkyawar haihuwa a gaba. Yawancin mabiya Buda da na sani haka suke. Zaman zuzzurfan tunani a da aikin tsirarun limamai ne. Bayan Turawan Ingila sun ci birnin Mandalay a 1885 sun kawar da sarkin Bama (Myanmar ta yau) ne wani malami, Ledi Sayadaw, ya ji tsoron addinin zai ɓace, ya fara koya wa talakawa. Ta wannan silsilar abin ya iso hannun U Ba Khin, babban akantan gwamnatin Bama, shi kuma ya koyar da S. N. Goenka, ɗan kasuwa ɗan asalin Indiya haifaffen Mandalay. Goenka ya dawo Indiya a 1969 ya fara koyarwa, aka buɗe cibiyar Igatpuri a 1976, ya rasu a 2013. Can abokinka ke son kai ka.

'Yar Wusasa:

Sannunku. Malam na Kandy ya yi bayanin littafi, ni bari in kawo na gwiwa, don na taɓa shiga wannan zaman a wata cibiyarsu da ke karkarar Ingila, inda nake aikin jinya. Tsarin ɗaya ne ko'ina. Ni Kirista ce, na kuma shiga ne a lokacin da aikin dare ya gama rikita mini barci.

Ƙanina, ranar da ka isa za ka miƙa waya da littafi da biro. Maza daban, mata daban. Shirun ba na baki kaɗai ba ne, ko haɗa ido da ɗan'uwanka ba a so, sai dai malami ko mai kula da ɗalibai in kana da matsala. Ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, zama ya fara 4:30. Karin kumallo 6:30, abincin rana ƙarfe 11, babu nama babu kifi. Ƙarfe 5 na yamma sabon ɗalibi zai samu shayi da ɗan 'ya'yan itace, shi ke nan sai gobe. Da dare a sa muku jawabin Goenka a bidiyo, 9:30 a kashe fitila. In ka tara, kusan awa 10 kake zaune a rana.

Kwana uku da rabi na farko ba abin da za ka yi sai lura da numfashi. Ba a ce ka ja shi da ƙarfi ko ka ƙirga ba, ka dai san ya shiga, ka san ya fita. Kafin ka lura da numfashi uku hankalinka ya tafi kasuwa, ya je gida, ya tono wata rigima ta shekarun baya da ka ɗauka ka manta. Ka dawo da shi, ya sake gudu. Sannan a ce ka taƙaita lurar ga ɗan filin nan tsakanin ƙofar hanci da leɓen sama. Ni dai ban taɓa sanin iskar da ke fita ta fi wadda ke shiga ɗumi ba sai a wurin nan.

A rana ta 4 ake fara vipassana ɗin kanta. Ka ɗauki hankalinka daga tsakar ka, ka bi jiki gaɓa-gaɓa har yatsun ƙafa, ka dawo, kana lura da duk abin da ka tarar: ɗumi, nauyi, tsami, zuƙi, ko ba komai. Daga ranar kuma sau uku a yini akwai zaman awa guda da ake so kada ka buɗe ido, kada ka warware ƙafa ko hannu. Nan ne ake yin ta. Minti 40 in ya wuce, gwiwata ta hagu sai ta zama ita ce duk duniya. Wani zama na tsaya na dubi ciwon kamar yadda aka ce, sai na ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai wuri mai zafi kamar tsinin allura, gefensa yana bugawa, can ƙasa kuma sanyi-sanyi, kuma duk suna motsi, wannan ya ƙaru wancan ya ragu. Ciwon bai tafi ba, amma kukan "wayyo yaushe za a buga ƙararrawa" ya yi shiru na ɗan lokaci. Wannan shi ne gurbin da Malam ke magana. Yana yi mini amfani har yau idan ɗan'uwan majinyaci ya tsaya a kaina yana faɗa: ina jin wuyana ya ɗauki zafi, in bar shi ya sauka kafin in buɗe baki.

Amma ga abubuwa biyu da abokinka bai gaya maka ba, na farkon ma a rubuce yake cikin ƙa'idojin da za ka amince da su kafin a karɓe ka. Na ɗaya, ana buƙatar ka dakatar da duk wata ibada tsawon kwanakin: addu'a ta tsari, azumi, jan carbi, duka. Dalilinsu shi ne kada ka gauraya hanyoyi har ka kasa gane wacce ta yi maka aiki. Ni na ajiye littafina a ƙofa, addu'ata ta zuci kuwa ba mai iya karɓe ta. Kai mai salla biyar da ruku'u da sujada, lissafinka daban ne. Na biyu, a daren farko ana maimaita kalmomin neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa, da Pali, harshen tsofaffin littattafansu. Goenka yana fassara su da cewa halayen farkawa ake nufi ba mutumin ba. Ko ka karɓi fassarar ko kada ka karɓa, kalmomin dai su ne waɗanda mutum ke faɗa in zai shiga addinin.

Kuma ba kowa zaman ke yi wa daɗi ba. A takardar neman shiga suna tambayar tarihin lafiyar ƙwaƙwalwarka, ba don wasa ba. Na ga wadda ta tattara kayanta ta tafi tun ba a yi nisa ba, tana kuka.

Ɗan Fagge a Pune:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Anti. Maganar salla ta riga ta yanke hukunci, ba inda za ni. Baban Ummi, na ji, shayin ma zan rage. Amma Malam akwai abin da ya tsaya mini a rai. In sun ce babu "ni", to wane ne ake sake haifa? Wa ke cin ladan tsohuwar nan taku ta Kandy? Na tambayi abokina jiya da dare, ya ce su a gidansu ba su damu da zancen sake haihuwa ba, wai Ambedkar ma bai ɗauke shi yadda sauran suka ɗauka ba. Sai na ƙara rikicewa.

Tsohon Ɗalibin Kandy:

Ɗan'uwa, tambayar da ka yi ita ce wadda malaman Hindu suka yi ta jifan mabiya Buda da ita tun fil azal, kuma su kansu sun rarrabu a kan amsarta. Amsar da aka fi ji a Siri Lanka da Bama da Tailan ita ce: abin da kake kira "ni" tarin abubuwa 5 ne, jiki, ji, ganewa, ƙudurce-ƙudurcen zuciya da sani, kowanne yana tasowa yana faɗuwa, na yanzu yana haifar da na gaba. Idan mutuwa ta zo, ba wani rai ne ke fita ya shiga sabon jiki ba, jerin ne ke ci gaba saboda ƙishin bai mutu ba. Tsohon misalinsu shi ne fitilar da aka kunna daga wata fitila: harshen wutar na biyu ba na farkon ba ne, ba kuma baƙonsa ba ne. Ni ban gamsu ba. In wanda ya shuka ba shi ne zai girba ba sai wani magajinsa da ba zai tuna da shi ba, ban ga inda adalcin yake ba, kuma na faɗa wa malaminmu haka a aji. Ya ce rashin gamsuwar tawa ita ma riƙo ce. Irin amsar da ba ka da ta cewa bayanta ke nan, kuma ba na son irinta. A nan ne muka raba hanya da su tun daga tushe: mu muna da rai guda, rayuwa guda, hisabi guda a gaban Wanda ya yi mu.

Abokinka kuma gaskiyarsa. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya karɓi addinin Buda ne a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutanen da tsarin ajin Hindu ya mayar ƙasƙantattu, waɗanda ko taɓa su ba a yi. Abin da ya nema musu mutunci ne da daidaito, kuma ya ƙi fassarar da ke cewa talaucin mutum sakamakon laifin wata rayuwa ne da ta wuce, don da irin wannan fassarar aka danne kakanninsa. Shi ya sa mafi yawan mabiya Buda na Indiya a yau a jiharku ta Maharashtra suke. In ka haɗu da ɗan Chaina ko Japan kuma wani zancen za ka ji: a can burin da ake yabawa shi ne mutum ya nemi farkawa don ya tsamo sauran halittu, wasu ma kiran sunan wani Buda mai suna Amitabha kawai suke yi don a haife su a ƙasarsa.

Yaya Baban Ummi, abin da aka yi wa Rohingya zalunci ne, kuma limami irin su Wirathu ya zuba wa wutar fetur, ba mai musun wannan. Dokar farko ta addininsu ta hana kashe ko da ƙwaro, suka take ta. Amma mu ne muka fi kowa sanin zafin a ɗauki aikin wasu 'yan ta'adda a shafa wa addini gaba ɗaya, don haka ba zan auna yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙaninmu da wannan mudun ba. Sanin abin da suka yi imani da shi ma ba sabon abu ba ne a wurin malamanmu. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya yi bayanin mabiya Buda a littafinsa na addinai da ƙungiyoyi. Baramika kuwa, waziran Haruna Rashid, kakanninsu masu kula da wani babban wurin ibadar Buda ne a Balkh kafin su musulunta.

'Yar Wusasa:

Ƙanina, tunda ka fasa tafiya, mu koma kan barcin, don shi ne asalin maganar. Lura da numfashi na minti 10 a bakin gado ba sai ka je Igatpuri ba. Asibitoci a nan suna koyar da wani nau'insa da Jon Kabat-Zinn ya tsara a Amurka a 1979, wanda ya cire kalmomin Pali da neman mafakar, ko da yake shi ma daga mabiya Buda ya koyo. In hakan ma zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, bar shi. Ka daina shayi da kofi daga la'asar, ka ajiye waya nesa da gado, lissafin kuɗin makarantar kuma ka rubuta shi a takarda tun da yamma don kada ya biyo ka kan matashi. In ka kwanta barci bai zo ba, tashi ka zauna a kujera har sai ya zo, kada ka yi ta juyi. Idan aka yi sati biyu zuwa uku ba sauyi, ka je asibitin makaranta. Kuma don Allah, na san ku 'yan haɗa magunguna, kada ka rubuta wa kanka ƙwayar barci.